Lokaci ya yi da za mu daina raina ginin ƙasa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, babu wuta babu fanka, ya san abin da ake kira zafi. Ga kuma tsadar siminti da ta sa kangaye suka cika bayan garuruwanmu, an ɗora harsashi an kasa ƙarasawa. Duk da haka, mutane da yawa har yanzu kallon talauci suke yi wa ginin ƙasa.

Abin da aka yi a garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar ya isa ya sa mu sake tunani. A shekarar 2018 aka kammala wani babban masallaci a can, wanda masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara. Da jar ƙasar yankin aka buga tubalinsa, tsohon masallacin garin kuma aka gyara shi ya koma ɗakin karatu. A Burkina Faso ma, makarantar firamare ta ƙasa da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a 2001 ce ta fara fito da sunansa, har a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu Pritzker, babbar lambar yabo ta zanen gini a duniya.

Irin wannan tubali ya sha bamban da wanda aka saba cura wa da hannu. Ana tankaɗe ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, a matse ta da inji, sannan a bar ta ta bushe ba tare da an gasa ba. Katangarsa tana riƙe zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi, don haka ɗaki ke zama da sanyi da rana. Kuɗin dakon kaya ya ragu, matasan gari sun samu aiki. Sannan kada a manta, sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Masu tsoron ginin ƙasa suna da hujja, domin kowace damina sai an ji labarin gidajen da suka rufta da mutane. Amma akasari matsalar ita ce rashin harsashi mai ƙarfi, da rashin rufin da zai kare katanga, da toshewar magudanan ruwa. Gidan Makama a Kano da masallacin Agadas sun daɗe a tsaye saboda ana kula da su.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su fara da kansu: a gina azuzuwa da asibitocin karkara da wannan tubali, jama'a su gani da idonsu. Hukumomin tsara birane su fitar da ƙa'idojin ingancinsa, su kuma riƙa amincewa da zanen gidajen da za a gina da shi. A haɗa tsofaffin magina da ɗaliban kwalejojin fasaha su koyi da juna.

Garuruwanmu ƙara cika suke yi kullum. Idan sai da buhunan siminti kawai za a mallaki gida, to talaka zai daɗe yana haya, alhali kayan ginin na nan ƙarƙashin ƙafarsa.