A rubuta nauyin katifa kamar yadda ake rubuta na buhun shinkafa

Kaka ta yi, an shiga lokacin bukukuwan aure. Daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, iyayen amare sun cika shagunan kayan ɗaki, kuma bayan gado babu abin da ke cin kuɗi kamar katifa. Uwa ta yi shekara tana zubin adashi, uba ya sayar da ɗan abin da ya noma, sai a je kasuwa a zaɓi wadda ta fi tsawo, mai yadi mai walƙiya, don dangin ango su gani su yi shiru. Kafin a yi sunan fari tsakiyarta ta lotsa, miji da mata suna gangarawa rami ɗaya.

Ba ma ɗora laifin duka a kan mai saye. Buhun shinkafa an rubuta masa kilo 25 ko 50, siminti ma haka. Katifa kuwa, wadda mutum zai shafe kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakinsa a kanta, sau da yawa ana sayar da ita a ɗinke, a naɗe cikin leda, babu abin da ke faɗin me ke ciki sai bakin mai shago.

Mafi yawan katifun da ke kasuwanninmu na soso ne, wasu ƙirar gida, wasu suna shigowa daga Najeriya. Ƙarkon soso yana cikin abin da masu sana'ar ke kira dansite, wato kilo nawa ne sosan da ya cika mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Lissafin ɗan aji shida ne. Katifa mai santimita 190 a tsawo, 140 a faɗi, 15 a kauri, in dansitenta 18 ne, nauyin sosanta bai wuce kilo 7 da ɗan kai ba. In 30 ne, za ta kai kilo 12. A ido duk ɗaya suke. Ta farkon iska ta fi yawa a cikinta, ita ce ke saurin mutuwa. Shi ya sa katifa mai santimita 15 ta soso mai nauyi za ta binne mai santimita 30 ta soso maras nauyi, duk da cewa ta biyun ce ke burge ƴan kallon ɗaki.

Sikeli ma ba ya gama magana, dole mu faɗa. Akwai masu ƙira da ke cuɗa garin farar ƙasa a cikin soso don ya ƙara nauyi, irinsa kuma da wuri yake marmashewa. To sai a haɗa da gwajin hannu: a danna da gwiwa sosai, a ɗaga, a ga ko ya dawo nan take. A nemi a buɗe gefen yadin a ga sosan da ido, ko guda ɗaya ne ko guntaye aka manna. Suna irin Vitafoam ko Mouka a jikin yadi ba ya isa shaida, don yadi kowane tela na iya ɗinka shi a kan kowane soso. Takardar garanti mai hatimin dila ita ce abin riƙewa.

Sai batun tauri, inda aka fi yaudarar dattawa. Duk mai ciwon baya, da ya shiga shago za a nuna masa wai katifar likita, mai tauri kamar dakali. A 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya: waɗanda suka kwana a kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a kan mai tauri ƙwarai. Tauri daban, dansite daban. Ana iya samun soso maras nauyi mai tauri, ya yi wata shida ya saki. Kuma jiki ba ɗaya ba ne. Abin da ya ɗauki mai kilo 55 ba zai ɗauki mai kilo 100 ba. Ba abin kunya ba ne mutum ya cire takalmi ya kwanta minti goma a shago kafin ya biya, ko da yaran shagon za su yi dariya.

Mai sifirin tana barin iska ta ratsa, abin so ne a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, amma mai arhar cikinta ba ta daɗewa take fara ƙara, ƙarfen ya riƙa sukar haƙarƙari. Wadda aka yi amfani da ita a Turai aka kawo gwanjo, mu dai ba mu ba da shawara ba: kuɗin cizo a cikin ɗinki yake ɓuya, yana kuma iya wata da watanni bai ci komai ba. Sosan nan mai riƙe siffar jiki da ake talla a intanet yana riƙe zafi ma, ga shi wuta ba kullum take ba. Ta danƙon itacen roba tana da ƙarko, sai dai tsada da nauyi.

Ta kakanninmu fa, ta auduga ko ta audugar rimi? An raina ta, ba a kai wa amarya ita yanzu. Alhali ba ta da zafin soso, in ta dunƙule a farke a shanya a buge a ƙara ciko, wanda ya ɗinka ta kuma yana nan cikin unguwa, kuɗin bai tsallaka iyaka ba. Ga ɗakin yara da kwanan tsakar gida lokacin bazara ta fi soso nesa ba kusa ba, don soso in ya sha rana yakan yi ja ya fara zubar da gari. Dukansu dai wuta na cin su da sauri, hayaƙin soso kuma guba ne, saboda haka kaskon turare da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da gado.

Kuɗi kuma a lissafa su da shekara. A ce, misali, wata jika 40 ce ta yi shekara 2, wata jika 70 ta yi shekara 7. Ta farko jika 20 ke nan a shekara, ta biyu jika 10. Talaka ne ke biyan tsadar, shi da ya sayi mai arha.

Kiranmu ga ma'aikatar kasuwanci da hukumar ANMC mai kula da inganci da awo: a wajabta wa duk mai ƙera katifa ko mai shigo da ita ya manna takarda mai ɗauke da dansite, da nauyi da kilo, da abin da ke ciki, da shekarun garanti, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci. A riƙa ɗaukar samfuri daga shaguna ana aunawa. Ƙungiyoyin kare masu saye, waɗanda muke jin muryarsu kan farashin shinkafa da gas, su sa wannan ma a gaba. Kafin nan, uwar amarya ta tafi kasuwa da magwajin tela a jaka, ta ce a ɗora katifar a sikeli a gabanta. In mai shago ya ƙi, akwai wani shagon a gaba.