Gata: Kalmar da ma'anarta ke sauyawa a Maraɗi

A asalin Hausa, gata na nufin samun wanda zai tsaya wa mutum. Shi ya sa ake cewa maraya ba shi da gata, ake kuma kiran yaron da iyaye suka shagwaɓa ɗan gata. Amma a bakin matasan Maraɗi a yau, in aka ce wane ɗan gata ne, galibi ana nufin yana da wani a sama da zai sama masa aiki, kwangila ko sassauci a duwan.

A da, gata a wannan birni tafe yake da nauyi. Alhazan Maraɗi, waɗanda masani Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun bunƙasa da cinikin gyaɗa, daga baya da fataucin kaya zuwa Najeriya. Ubangida kan ba yaronsa jari, ya yi masa aure, har shi ma ya tsaya da ƙafarsa. A Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, gata na bin jinin sarauta. Ga manomin Jiratawa kuwa, gatansa shi ne fili a fadamar noman rani da taki a kan lokaci.

Abin da ya ƙara wa kalmar ɗaci shi ne halin da aka shiga bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka da Najeriya har zuwa farkon 2024, kaya suka yi tsada. Da Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, mai babban jari ya karkata zuwa tashar Lome ta hanyar Burkina Faso. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya dogara da hanyar Ɗan Isa da Jibiya ba shi da wannan ƙarfin.

Dama 'yan Nijar na da laƙabin PAC, wato dangi, abokai da sanayya, ga irin wannan alfarma. Hukumar COLDEFF da gwamnatin Janar Tiani ta kafa a 2023 don ƙwato dukiyar ƙasa ta zo da alƙawarin cewa ba wanda ya fi ƙarfin doka. Talakan Maraɗi zai auna alƙawarin ne da abu guda: ko mai takardar shaidar karatu da ba shi da kowa zai samu aiki ba tare da an yi masa waya ba.