Idan Ruwa Ya Samu, Taimama Ta Ɓaci

A wannan makon mun ɗan ajiye labaran soyayya, za mu taɓo maganar da ta shafi rai.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san hukuncin taimama. Idan babu ruwa an yarda ka dafa ƙasa ka yi sallarka, amma da zarar ruwa ya samu wannan rangwamen ya ƙare. Malamai suka ce larura tana halatta abin da aka hana, sai dai ana auna ta ne da gwargwadonta. Wannan ma'aunin muke so mu ɗora wa yadda ake sassauta dokar wuraren jinya idan annoba ta ɓarke.

Ba mu ƙi sassaucin ba. A 2020, da korona ta shigo, Kano ta mai da filin wasa na Sani Abacha wurin killace marasa lafiya. Gwamnatin Jigawa ta Badaru Abubakar kuma ta ajiye almajiran da aka dawo da su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau. Ba a gina waɗannan wurare don jinya ba, kuma da an tsaya jiran su cika sharuɗɗan asibiti da an yi asarar lokaci. Abin da ya sa muka yarda da su shi ne an san wanda ya buɗe su, an san wanda za a tambaya, kuma da cutar ta lafa aka rufe su.

Faɗanmu da ɗaya sassaucin ne, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. A daminar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mu da muke ƙauyukan Roni da Gwiwa mun san yadda irin wannan dare yake. Yaro yana amai da gudawa, hanyar Kazaure ta yi nisa, sai a nufi ɗakin mai kemis. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a bayan kanta, ya rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Jami'an lafiya sun sani, amma suka kau da kai, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

To annoba ta wuce, amma ƙusar tana nan. Lasisin mai kemis bai wuce na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba. Bai ba shi damar kwantar da mutum ba, balle ƙarin ruwa. Amma tunda an bar shi ya yi a lokacin tsanani, yau shi ake kai wa mai zazzaɓi da mai hawan jini, har da mai naƙuda. Ruwan nan da muke gani kamar ba komai, idan ya yi wa ƙaramin yaro yawa yana taruwa a huhu ya toshe numfashi. Idan hakan ta faru sai mu ce kwana ne ya ƙare, a yi jana'iza a watse.

Za a ce mana: ku da kuke da bakin magana, in an rufe ɗakin nan ina talaka zai je? Tambayar tana da nauyi, kuma ba mai kemis kaɗai muke tuhuma ba. Sau da yawa shi ne ya farka da tsakar dare lokacin da asibitin gwamnati yake kulle. Amma wannan hujja ce a kan hukuma. Kau da kai ya fi mata arha a kan ta ɗauki ma'aikatan jinya ta biya su, shi ya sa take barin rangwamen annoba ya zama tsarin kullum.

Wanda yake ganin takarda ba komai ba ce ya tuna da Kano a 1996. Ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Daga baya aka gano cewa takardar amincewa da gwajin an rubuta ta ne bayan an gama shi. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari yana cikin dalilan da aka kafa wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Gaggawar 'yan makonni ta jawo rashin yarda na shekaru.

Saboda haka buƙatarmu a fili take. Duk sassaucin da za a yi, a rubuta shi, a karanta a rediyo da Hausa, a faɗi ranar da zai ƙare. A ambaci jami'in da zai riƙa zagayawa. A fayyace abin da aka yarda mai kemis ya yi, kamar raba ruwan gishiri da sukari da tura mara lafiya asibiti da wuri, da abin da ba a yarda ba ko ana annoba. Idan wa'adi ya cika, mai son ci gaba ya nemi lasisi ya cika sharaɗi.

Mu kuma marubuta, sau nawa muka kashe jaruma a labari da "gajeriyar rashin lafiya" muka wuce? Kafin mako mai zuwa, kowannenmu ya zauna da wata uwa ko kaka a unguwarsu ya tambaye ta inda aka kai mara lafiyarsu a daminar 2021, wa ya duba shi, me aka ɗaura masa. A sakaya sunaye, a rubuto abin da aka ji. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.