Ra'ayinmu: A fara ƙidayar halittun tekun Najeriya tun kafin su ƙare

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sha yaɗa bidiyo daga gabar teku a yankin Brass na Jihar Bayelsa, inda igiyar ruwa ta turo wata ƙatuwar dabba kan rairayi, jama'a suka yi mata ca da adduna da gatura. Kafin rana ta faɗi sai ƙasusuwa. Abin da ba a cika gani ba a irin waɗannan bidiyo shi ne mutum mai awo da littafi, wanda zai rubuta jinsin dabbar da tsawonta, ya kuma duba ko tsufa ne ya kashe ta, ko raga, ko karo da jirgi, ko guba. Nama ya shiga tukunya, ilimin da ke tattare da shi kuma ya bi ruwa.

Wannan dabba ita ce wel, wadda ake kira kifin wel ko da yake ita da 'yar'uwarta dolfin ba kifaye ba ne. Kamar ayun da masuntan Binuwai da Neja suka sani, iska suke shaƙa, haihuwa suke yi, su kuma shayar da 'ya'yansu. Najeriya na da gabar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, da ikon cin gajiyar ruwa har zuwa mil 200 na teku daga gaɓa. A cikin wannan ruwa na Mashigin Gini ne wel mai doro ke zuwa daga tekun ƙanƙara na kudancin duniya domin haihuwa, daga wajajen Yuli zuwa Nuwamba. A bakinsa kuma akwai dolfin mai doro na Atilantika, wanda babu shi a ko'ina sai gabar yammacin Afirka, daga Yammacin Sahara zuwa Angola. A 2017 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi cikin masu gab da ƙarewa, bisa kiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato na iya cewa ina ruwansa da dabbar da bai taɓa gani ba, alhali ga tsadar abinci ga rashin tsaro. Amsar tana cikin kwanon miyarsa. Dolfin da tsuntsayen teku ƙananan kifaye suke ci, irin waɗanda ake bandawa a garuruwan gaɓa a kai kasuwannin ƙasar nan. Idan waɗannan halittu suka ragu ko suka ƙaurace wa wuri, sau da yawa alama ce cewa kifin ya ja baya ko ruwan ya gurɓata. Alƙaluman da gwamnati ke bayarwa sun nuna kifin da muke samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na bukatarmu ba. Ƙasar da take cikin wannan hali bai kamata ta yi sakaci da alamun lafiyar tekunta ba. A 2020, lokacin da matattun kifaye suka cika gabar jihohin Delta da Bayelsa da Ribas, an yi ta cacar baki a kan musabbabi, domin mai son gane abin da ya lalace sai ya san yadda yake tun yana lafiya.

Hujjar da aka saba bayarwa ita ce binciken teku aiki ne mai tsada. Gaskiya ne jirgin bincike na cin kuɗi, amma ƙasashen da suka fi mu wadata ma ba da shi kaɗai suka dogara ba. A Birtaniya, ƙungiyar ORCA tana horar da mutanen gari, ta ɗora su a manyan jiragen fito masu zirga-zirga tsakanin Ingila da Faransa da Sifen. Jirgin dama tafiyarsa zai yi, su kuwa aikinsu su tsaya da tabarau mai hangen nesa suna rubuta abin da suka gani: lokaci, wuri, jinsi, adadi da yanayin ruwa. Har sa'o'in da ba su ga komai ba sai sun rubuta, domin da wannan ne masana ke tantance ko dabbar ce babu ko kuwa mai dubawa ne babu. A yammacin Sikotlan, masu aikin sa-kai sun shafe sama da shekara 20 suna bin jirgin Silurian na wata gidauniya da ke tsibirin Mull, kuma bayanan da suka tara na cikin hujjojin da gwamnatin yankin ta dogara da su a 2020 wajen keɓe Tekun Hebrides domin kare wel.

Darasi mafi girma ya fito ne daga ƙidayar tsuntsayen teku da aka yi a Birtaniya da Ailan daga 2015 zuwa 2021. Mutum kusan 850, ƙwararru da masu sa-kai, suka zagaya wurare fiye da 10,000 da tsuntsayen ke sheƙa. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna jinsi 11 cikin 21 da aka iya kwatanta su da ƙidayar baya sun ragu. Ana kammala aikin sai murar tsuntsaye ta auka wa tsibiran. Da aka sake ƙirga a 2023, an gano cewa tsuntsun da ake kira babban sikuwa ya ragu da kusan kashi 76 cikin 100, ganet kuma da kashi 25. Ba don ƙidayar farko ba, da sai dai a ce tsuntsaye sun mutu da yawa, a tsaya nan.

Kada a ɗauka wannan al'ada ce ta Turawa kaɗai. A Ghana, shirin ceto tsuntsayen gabar teku da aka fara a 1985 ya tarar da yara suna ɗana wa tsuntsaye masu ƙaura tarko a bakin ruwa, sai ya bi ta makarantu yana kafa ƙungiyoyin son namun daji. A nan gida, a Arewa idan aka ce 'yan sa-kai tunani kan tafi ga masu gadin ƙauyuka, amma akwai wasu masu sa-kan da makaminsu wayar hannu ce. Tun ƙarshen 2015 Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos take jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara tsawo da faɗi. Ɗaruruwan matasa, ciki har da ayarin 'yan Arewa, suna shiga waɗannan gidaje suna rubuta tsuntsayen da suka gani ta manhajar waya. A dausayin Haɗeja da Nguru ma an daɗe ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu. Abin da aka iya yi a tudu da fadama, babu dalilin da zai hana a yi shi a teku.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya kafa a Agustan 2023, da ta ɗauki wannan aiki a matsayin nata. Matakin farko shi ne kafa tsarin kai rahoto a duk jihohin gaɓa, da lambar waya ɗaya da masunci zai kira idan ruwa ya turo wel ko dolfin ko kunkurun teku, da mutane horarru a kusa da za su isa su auna, su ɗauki hoto da samfuri. Wannan kariya ce ga lafiyar jama'a ma, domin naman dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba hatsari ne. Na biyu, hukumar NIMASA da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da kamfanonin mai su buɗe wa masu ƙidaya gurbi a jiragensu da ke kai da komowa kullum. Na uku, Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa da ke Legas ta zama ma'ajiyar bayanan, ta kuma riƙa wallafa su kowace shekara yadda kowa zai gani. Ɗaliban Kwalejin Sufurin Ruwa ta Oron da masu yi wa ƙasa hidima a jihohin gaɓa sun isa su zama ayarin farko.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Masunci shi ne ya fi kowa sanin ruwa, kuma a ragarsa dolfin ya fi maƙalewa. Idan ya san kai rahoto zai jawo masa kamu ko tara, shiru zai yi ya jefar da gawar. Dole a ɗauke shi abokin aiki. Haka kuma aikin sa-kai ba hujja ba ce ta gwamnati ta zare hannu: horo da rigar kariya da kuɗin mai da albashin masanan da za su tantance bayanai duk nauyinta ne, kuma kada a tura kowa inda 'yan fashin teku ke da ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, wadda gabarta ba ta kai rubu'in tamu ba, tana fitar da masu yawon buɗe ido daga Kwatano su kalli wel a lokacinsa. Mu kuwa har yanzu labarin dabbar ya fi zuwa mana ne bayan ta mutu. Makiyayin kirki yana sanin adadin garkensa kafin ya yi maganar riba. Gwamnatin da ke fatan samun arziki daga teku ita ma ta fara da sanin abin da ke cikinsa, tun akwai abin ƙirgawa.