Tyson gwani ne, amma ba a kowane fage ba

Wani ɗalibina ya kawo mini bidiyon Neil deGrasse Tyson, masanin taurarin nan na Amurka, inda yake cewa Imam Gazali ya ɗauki lissafi aikin Shaiɗan. Masoyansa a intanet sai tafi suke, wai magana ta ƙare.

To, ba ta ƙare ba. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal, Gazali ya gargaɗi masu ƙaryata lissafi da sunan kare addini. Ya rasu a 1111, ilimin kuma bai mutu ba: a 1259 aka kafa cibiyar nazarin taurari ta Maraga a Iran.

Tyson ya iya bayanin taurari, amma tarihi ba fagensa ba ne. Jama'a, mu bincika kafin mu tura wa yaranmu.