Wa Ke Yanka wa Baduku Farashi?

Duk mai bibiyar shafukan 'yan kasuwa a Facebook, ko mai leƙa abin da jama'a ke ɗorawa a WhatsApp, ya sha cin karo da irin hoton da nake nufi. Takalmin jar fata ne, ko jakar mata mai adon kore da baƙi, an shimfiɗa a kan farin ƙyalle, an rubuta kuɗinsa da Faransanci, an ƙara da cewa ana kaiwa har gida a Yawunde da Duwala. Mu mutanen arewa kallo ɗaya muke yi mu gane hannun. Aikin Marwa ne ko na Garwa, kuma wataƙila mun san rumfar da aka ɗinka shi. Amma ka duba rubutun da ke ƙasan hoton daga farko har ƙarshe, ba za ka ga sunan baduku ba, ba za ka ga sunan gari ba. Iyakar abin da za a ce shi ne aikin hannu ne na Afirka.

A ganina, wayar hannu ta buɗe wa dukawanmu kasuwar da ba su taɓa samun irinta ba, amma sun shige ta ba tare da abubuwa biyu da ake cin wannan kasuwa da su ba: farashin da aka lissafa, da sunan da aka sani. Muddin ba su riƙe waɗannan biyun da hannunsu ba, za a ci gaba da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba yau aka fara ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman ƙasar Hausa suka jeme da bagaruwa suka rina da karan dafi, ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa arewacin Afirka. Daga can ta shiga Turai, aka yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Turawa kuwa suka kira ta fatar Maroko, domin ta wancan ɓangaren ta iso gare su. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. A wannan shekarar ce ya iso nan yankinmu, ya ƙetare Binuwai a mahaɗarta da kogin Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Hanyoyin da ya bi su ne hanyoyin fatake, kuma ta nan ne Hausawa da Barebari suka riƙa shigowa ƙasar Adamawa da sana'o'insu, har da jima da dukanci.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne irin masu sayen da baduku ya saba da su tun daga lokacin. Na farko fada ce. Lamiɗo da fadawansa ke buƙatar sirdi da ragama da kube da takalman hawa, malamai kuma gafaka da laya da buzu. Aikin fada ba a cika cinikinsa ba. Ka kai aiki, a yi maka tukwici da riga ko hatsi, a kuma san da zamanka a gari. Na biyu Bature ne. Tun zamanin Faransawa aka fara ɗinka masa jaka da alabe da tumtum, aka buɗe cibiyar masu sana'ar hannu a tsakiyar Marwa, masu zuwa kallon giwaye a gandun dajin Waza suna biyowa su yi tsaraba. Cinikin Bature kuwa kowa ya san yadda yake. A kalli fuskarsa a faɗi kuɗi ninki uku, ya taya, a ce albarka, ya juya zai tafi a kira shi a sallama. A ɗaya tukwici ne, a ɗaya kuma sa'a ce. Babu inda aka tilasta wa baduku ya zauna ya lissafa abin da jakar ta ci masa.

Sai ga Fabrairun 2013, aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke daga arewa mai nisa, rikicin Boko Haram kuma ya ƙara toshe hanya. Gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Roumdé Adjia a farkon 2022 ta kawo wa Garwa baƙi na 'yan makonni, suka tafi. Mai sayen da ya rage, wanda kuma yake ƙaruwa, yana kudu ne ko ƙasar waje, kuma ta waya ake samunsa.

To, kasuwar waya ba ta san albarka ba. Mai saye yana Duwala, ba ya ganin fuskarka, ba ka ganin tasa. Ya rubuto kalma ɗaya yana tambayar nawa ne, idan ka tsaya cewa ya taya, ya riga ya wuce shafi na gaba. Dole a rubuta lamba. Kuma a yau mai rubuta lambar nan ba baduku ba ne, mai sari ne.

Bari mu yi lissafi, da sharaɗin cewa alƙaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa na rumfarsa a madadinsu. Mu ƙaddara jakar mata ta ci fatun akuya biyu jemammu a kan sefa 5,000. Shafi da zik da zare da gam da ƙarafa sun ci 2,000. Baduku ya yi kwana biyu a kanta, daga yanka zuwa ɗinki da ado. Mai sari ya zo ya taya, aka daidaita a 9,000. Baduku zai ce maka ya ci ribar 2,000, har ya yi hamdala. Amma wannan ba riba ba ce. Ladan kwana biyu ne, wato sefa 1,000 a yini, kuma daga ciki zai ciyar da yaron shago, ya biya haya da haraji. Tun 2023, mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikacin kamfani wanda ba na noma ba a Kamaru shi ne sefa 60,000 a wata. Idan aka raba shi a kan kwanakin aiki 26, ya haura 2,300 a yini. Ke nan mutumin da ya shafe shekara goma yana koyon riƙon basilla a gaban mahaifinsa yana biyan kansa ƙasa da rabin abin da ake biyan sabon lebura.

A nan ne cutar take. Baduku yana lissafa duk abin da ya fitar da kuɗi ya saya, amma ba ya lissafa lokacinsa, domin lokaci bai fito daga aljihu ba. Ba ya lissafa fatar da ya tarar da huji ko tabon wuƙar mahauci a tsakiyarta. Ba ya lissafa idonsa, wanda ɗinkin ado ke cinyewa kafin ya tsufa. Idan muka sake lissafin da gaskiya, muka sa ladan kwana biyu 4,600 a kan 7,000 na kaya, muka ƙara 1,000 saboda asarar fata da lalacewar kayan aiki, mun kai 12,600 jaka ba ta bar rumfa ba. Idan shi zai aika da kansa, akwai kwali, akwai kuɗin motar safa zuwa Yawunde, ko zuwa Ngaundare a sa a jirgin ƙasa, akwai kuɗin data. Akwai abin da MTN ko Orange ke cirewa, da harajin kashi 0.2 cikin 100 da gwamnati ta sa a kan turawa da cirar kuɗi ta waya tun Janairun 2022. Kafin a ce riba, an doshi 15,000. Wannan ita ce jakar da aka sallama a 9,000 ana murna.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa kullum: kasuwa ce ke yanka farashi, ga takalman roba na Sin da jakunkunan gwanjo sun cika babbar kasuwar Garwa, wa zai sayi naka da tsada? Akwai gaskiya a ciki. Matar da ke da sefa 3,000 a hannu roba za ta saya, kuma babu laifi a kanta. Amma ai ba ita ce mai sayen baduku ba. Wanda ya shiga gasar araha da injin da ke fitar da takalma dubbai a yini ya faɗi tun kafin a fara. Mai sayen baduku shi ne ma'aikacin ofis a Yawunde da ke son jakar kwamfuta ta fatar gaske, da ɗan arewa mazaunin unguwar Briqueterie da ke neman takalmin Sallah irin na gida, da 'yar Kamaru mazauniyar Faransa da ke son tsaraba. Ga wannan ta ƙarshen, yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, saboda haka jakar 20,000 ba ta wuce mata yuro 30 da 'yan kai ba. Mai sari ya san da waɗannan mutane, shi ya sa shafinsa ke ci.

Kada a ɗauka ina yaƙi da mai sari. Dillanci sana'a ce mai asali a wurinmu, kuma yarinyar da ke Duwala tana ɗaukar hoto, tana amsa saƙonni har tsakar dare, tana hawa babur ta kai kaya, tana kuma haɗiye asarar wanda ya yi oda ya kashe waya, ta ci guminta. Abin da na ƙi shi ne a ce ita kaɗai ta san farashin ƙarshe. Dillalin kasuwar shanu la'adarsa sananniya ce, mai saniya yana tsaye ake sallamawa. Baduku kuwa bai ma san nawa aka sayar da jakarsa ba, alhali amsar tana cikin wayar ɗansa da ke zaune kusa da shi yana kallon ƙwallo.

Sai dai wanda zai nemi kuɗin gaske dole ya ba da aikin gaske, kuma a nan dukawanmu suna da nasu laifin. Fatar da aka gaggauta jimarta tana wari, kuma warin da ba a ji a busasshiyar iskar Garwa yana tashi sosai a laimar Duwala, wani lokaci har da fumfuna. Jan rinin da bai kama ba yana zuba a farar rigar mai saye ranar da ruwan sama ya taɓa shi. Takalmin da aka ce lamba 42 ne sai ya iso 40, domin da ido aka auna. Zik mai araha ya lalace cikin wata guda a jikin fatar da za ta yi shekara goma. A rumfa, mai saye yana shinshinawa, yana gwadawa, ya bari idan bai yi masa ba. A waya kuwa, idan ya buɗe kwali ya ji wari, ba zai dawo ba, kuma zai rubuta a inda dubban mutane za su karanta. Kwanakin da majemi zai ƙara wa fata a ruwan bagaruwa, da man da za a shafa mata, su ma kuɗi ne, su ma a sa su a lissafi.

Wani gargaɗi a gefe ga masu aikin fatar kada da mesa da guza: fitar da irin waɗannan kaya zuwa ƙasar waje yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini daga hukumar gandun daji da namun dawa. Wanda ya aika ba tare da ita ba, a kwastan ɗin can za a ƙwace, kuɗin mai saye kuma ya zama bashi a wuyansa. Fatar akuya da tunkiya da saniya ba su da wannan matsala.

Saura maganar suna, wadda na fi damuwa da ita. Hedkwatar hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, a Yawunde take. A 2013 ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku rajista da sunayen garuruwansu, ta yadda ba kowa ke da ikon kiran kayansa da waɗannan sunaye ba. Manoman can sun haɗa kai ne suka rubuta ƙa'idojin aikinsu kafin su samu. Ban ga abin da zai hana majema da dukawan Marwa da Garwa su fara irin wannan tafiya ba, in ban da cewa kowa yana ɓoye wa maƙwabcinsa mai sayensa, yana kuma karya masa farashi da sefa 500. Ko baje kolin sana'o'in hannu na SIARC da ake yi a Yawunde, ɗaiɗai ake zuwa, ɗaiɗai ake dawowa.

Wannan doguwar hanya ce, sai an yi ƙungiya da takardu da haƙuri. Amma akwai gajera wadda ba ta buƙatar izinin kowa. Maƙeri zai iya ƙera wa baduku ɗan hatimin ƙarfe mai ɗauke da sunansa da sunan garinsa. A ɗumama shi a wuta, a danna a cikin jaka ko a tafin takalmi, inda mai sari ba zai iya cire shi ba sai ya ɓata fatar. Wanda ya sayi jakar a Duwala, ranar da abokiyar aikinsa ta tambaye shi inda ya samo ta, zai buɗe ciki ya karanta mata: Garwa.