Mai Jin Zafin "Aboki" Ya Daina Cewa "Inyamiri"

Ranar wata Laraba na shiga adaidaita sahu a Kano, daga Bata zan tafi Kabuga. Ba mu yi nisa ba wata yarinya ta tsayar da mu, sanye da kakin 'yan bautar ƙasa, jaka a kafaɗa, takardu a hannu. Ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, Malam," da Hausarta ta koyo, wadda da ji ka san ta sha fama kafin ta haɗa kalmomin. Direban bai amsa ba. Sai ya juya ga yaron da ke raɓe a gefensa ya ce, "Inyamira ce, ba ta san gari ba. Ninki za ta biya." Yaron ya tuntsire da dariya. Dattijon da ke kusa da ni, carbi na zagayawa a hannunsa, bai ce uffan ba. Yarinyar ba ta gane sauran maganar ba, amma kalmar farko ta ji ta sarai, don na ga yadda fara'a ta gushe daga fuskarta, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, ta yi tsit.

Wannan rashin kunya ne, kuma duk muna da hannu a ciki. Direban nan a gida ya koya, a bakin uwa da uba da 'yan majalisar ƙofar gida. Mu da muke bugun ƙirji da cewa baƙonka annabinka, mu da muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu ne kuma muka tanadi suna na wulaƙanci ga kusan kowace al'umma da Allah Ya haɗa mu zama da ita. Wannan arne, wancan ƙabila, wancan baubawa. Ka ji mutum yana cewa, "Wani ƙabila ne ya kama hayar gidan," sai ka ce shi daga sama ya faɗo, ba shi da ƙabilar.

A tsaya a dubi kalmar Inyamiri ita kanta. Daga maganar da Ibo ke yi in yana neman ruwan sha aka ciro ta. Mutum ya zo ƙasarka da ƙishi, ya roƙe ka ruwa da harshen da uwarsa ta koya masa, kai kuma ka ɗauki roƙon ka mai da shi sunan tsokana, ka liƙa wa shi da jikokinsa. Sannan kalmar ba ta tsaya a tsokana ba. A 1966, da aka bi 'yan Ibo ana kashewa a garuruwan Arewa, dubbai suka mutu, sauran suka cika jiragen ƙasa suka gudu, da wannan sunan aka riƙa nuna su. Yarinyar da ke cikin adaidaitar nan ba a haife ta ba a lokacin, amma kakanninta sun ba ta labari, kamar yadda namu suka ba mu labarin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Kai kana ganin ka faɗi kalma ce kawai. Ita kuwa ta ji duk abin da ke bayan kalmar.

Kuma abin bai tsaya kan mutanen Kudu ba. Maƙwabtanmu na kusa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su tun kaka da kakanni, sun daɗe suna gaya mana sunayensu muna toshe kunne. Mutanen da muke ce wa Gwari, sunansu Gbagyi. Waɗanda muke ce wa Kaje, Bajju ne. Katab, Atyap ne. Jaba, Ham ne. Tibi kuwa sun tsani a ce musu Munci. Mun iya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen, har da masu wuyar faɗa, amma a ce mu kira maƙwabci da sunan da ya zaɓa wa kansa sai mu ce, "Ai haka muka tashi muka ji ana faɗa." Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar gwaranci. Bagware ya bar harshensa ya koyi naka don ku fahimci juna, don ka sayi doyarsa ya sayi gishirinka, kai ko gaisuwa ɗaya ba ka iya da nasa ba, amma sakayyarsa ita ce ka ɗauki sunan al'ummarsa ka mai da shi sunan magana marar kan gado. Hausa ba ta bazu daga Agadas har Kumasi da ƙoƙarinmu mu kaɗai ba. Miliyoyin mutane ne suka karɓe ta suka ɗora a kan harsunansu, kuma alheri ne suka yi mana. Wanda ya yi maka gwaranci ya fi ka harshe ɗaya.

Na san abin da za a ce: ai wasa ne. Ƙarya ne, kuma mai faɗa ya san ƙarya yake yi, don mun san wasa sarai. Muna da wasan Barebari da Fulani, da na Kanawa da Zagezagi, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Katsinawa da Nufawa. A Nijar har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta barkwanci cikin kayan gadon duniya a 2014. To amma wasan taubasai yana da ƙa'ida. Kowa ya yarda da shi, kowa yana da damar ramawa, a yi dariya tare, kuma in wuya ta zo abokin wasanka ne farkon mai tsaya maka. Yarinyar da ke zaune ita kaɗai cikin maza huɗu, a garin da ba ta san kowa ba, ana magana a kanta da harshen da ba ta ji, da me za ta rama? Dariyar da ɓangare ɗaya kawai ke yi sunanta cin zali.

Sai kuma hujja ta biyu, wadda aka fi kafewa a kai: "Ai su ma suna ce mana Aboki." Gaskiya ne suna faɗa, kuma da zafi. Duk wanda ya taɓa zama Legas ko Fatakwal ya san yadda ake jefo kalmar, a ɗauki sunan zumunci mafi daɗi a harshenmu a mai da shi ma'anar jahili, mai gadi, mai wankin takalmi. Na ga dattijo mai furfura yaro ƙarami yana daka masa tsawa da "Aboki, zo nan!" kuma raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. To wannan ɓacin ran shi ne shaidar da za ta kama mu. Tunda mun ɗanɗana, ba mu da uzurin cewa ba mu san ɗacinsa ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wasu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka manta ko su wane ne mu. A duk Afirka ta Yamma da wuya ka sami al'ummar da ta ci arzikin baƙunci kamar Bahaushe. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, suna sauka a Salaga, a ba su fili su kafa zango. Je ka Kumasi, je ka Nima a Ankara, je ka Yawunde, za ka tarar da unguwar Hausawa da masallacinsu da sarkinsu. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka ba Hausawa ita, kuma daga can aka riƙa juya cinikin shanu da goro tsakanin Kudu da Arewa. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama attajirin da ake labari, a ƙasar Gwanja da Ankara ya yi fataucinsa, cikin mutanen da ba yarensu ɗaya ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi gabas sun sami mazauni a bakin kogin Nilu a Sudan, garin Mai Wurno yana nan har yau. Kuma a shekarun 1950, mutanen Inugu, wato waɗannan da muke kira da sunan roƙon ruwa, sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi can, ya zama magajin garinsu na farko. A faɗa mini garin da muka taɓa yi wa wani haka. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari da kafuwa, akwai iyalan da kakanninsu a nan aka binne su, suna jin Hausa kamar jakin Kano, suna biyan haraji, amma har gobe in an tashi maganarsu sai a ce "baƙi".

Kada wani ya ɗauka maganar ladabi ƙaramar magana ce. Baki shi ke yanka wuya. A Fabrairun 2021 kasuwar Shasha ta Ibadan ta ƙone, an yi asarar rayuka, ɗaruruwan 'yan kasuwarmu suka dawo gida hannu rabbana, kuma abin da aka ruwaito a matsayin mafari shi ne tumatir da ya zube a ƙofar shagon wata mata, aka yi cacar baki. Cacar baki kan tumatir ba ta ƙona kasuwa sai in zukata sun daɗe cike da raini, kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin abin ƙyama. A Yulin 1999 a Shagamu, rikici ya tashi kan bikin Oro, wanda al'adar Yarabawa ta hana mata fita lokacinsa da dare. Aka kashe mutanenmu a can, da gawarwaki suka iso Kano kuma aka far wa Yarabawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya kashe rai shi ke da alhakin ran, a Shagamu ne ko a Kano ko a Uromi, inda aka hallaka mafarauta 16 a Maris ɗin 2025 suna hanyar zuwa gida Sallah. Amma mai ɗaukar adda ba ya tashi rana ɗaya ya ɗauka. Sai an shekara ana gaya masa cewa wancan ba mutum ba ne kamarsa. Kowane "arne" da ka furta a gaban ɗanka, itace ka ƙara a wutar, kuma idan ta kama ba kai take ci ba. Mai shayi take ci, da mai tura baro, da mai facin takalmi, talakan da ya je neman abin da zai aiko wa uwarsa.

Ina kuma da magana da masu gidajen haya da ke cewa dillali, "Ban da ƙabila," ko da mutum zai biya kuɗin shekara biyu. Da 'yan kasuwar da ke da farashi biyu, na ɗan gari da na wanda Hausarsa ta karkace, alhali sun san tauye mudu da tauye baƙo duk ha'inci ne. Da matan da maƙwabciya za ta aiko musu da abincin Kirsimeti, su karɓa da murmushi, tana juya baya su zuba a shara a gaban yara suna yatsina fuska. Idan kina da dalilin addini na ƙin cin wani abu, ki gaya mata cikin mutunci, za ta fahimta, don ita ma akwai abin da ba ta ci. Abin da yaran ke koya daga yatsinar fuskar nan ba fiƙihu ba ne, ƙyamar mutane ce.

Malamanmu kuwa, da yawansu sun yi shiru inda bai kamata ba. A Suratul Hujurati, aya ta 11, an hana izgili da kiran mutane da sunayen da suke ƙi, kuma yaran Islamiyya ma sun haddace ta. Sau nawa ka ji an yi huɗubar Juma'a sukutum a kan yadda ake kiran maƙwabcin da ba Musulmi ba? Ana iya yin awa guda kan tsawon wando, amma haƙƙin maƙwabci sai a taɓa shi sama-sama. Alhali muna da abin koyi a gabanmu. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum fiye da 200, akasarinsu Kiristocin Birom, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu. Ba a ranar ya fara ganin mutanen nan da daraja ba. Shekaru ya yi yana zaune tare da su. Mutumin da ya saba cewa "arnan nan" a zaurensa ba zai iya buɗe musu ƙofar masallaci ranar tashin hankali ba.

Da muka iso inda yarinyar za ta sauka, direban ya faɗi kuɗin da ya ninka. Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka karɓi abin da kake karɓa a hannun kowa." Ya ɗaure fuska ya ce ina ruwana, 'yar uwata ce? Sai a lokacin dattijon nan ya buɗe baki ya ce, "Yaro, karɓi kuɗinka na gaskiya mu tafi." Ya karɓa yana gunaguni. Yarinyar ta dube mu ta ce, "Na gode, Baba," ta tsallaka titi da sauri.

Da muka ci gaba na tambayi direban ko yana da wani nasa a Kudu. Ya yi jim, sannan ya ce ƙanensa yana Legas, yana dako a kasuwar Mile 12, shekararsa uku bai zo gida ba.